Daga Taswirar Sakkwato Zuwa Matplotlib: Tarihin Misalin Da Ya Lalace Da Masu Gyara Shi

Yau ba darasin "danna nan, danna can" za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Amma tarihi ne da ya shafi duk wanda ke koyon Python a wayarsa.

Na san da yawanku kun taɓa shiga wannan hali. Kana son ka fitar da zanen alƙaluma, ko don furojet ɗin makaranta ko don lissafin shago. Ka nemo misali a intanet, ga kod a sama, ga hoton zane mai kyau a ƙasa. Ka kwafa harafi da harafi, ka liƙa a Pydroid ko Colab, ka danna. Maimakon zane sai jan rubutu ya cika maka fuskar waya. Ka sake, haka. Data ta ƙare, caji ya yi ƙasa, daga ƙarshe ka yanke wa kanka hukunci cewa wannan harka ba taka ba ce. To sau da yawa ba kai ne da laifi ba. Misalin ne ya tsufa ya mutu, ba a kuma sanar da kai ba.

Wannan matsala ta zanen da ya saɓa wa bayaninsa ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Mu fara daga gida.

SAKKWATO, 1824

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, bayan ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus, ya biyo ta Borno da Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke kan mulki, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma shi ya kula da baƙon. Babbar tambayar da ke cin Turawa a lokacin ita ce: ina kogin Kwara yake ƙarewa? Mungo Park ya rasa ransa a Busa a 1806 yana neman amsarta.

Clapperton ya rubuta cewa Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, ya nuna masa cewa teku yake faɗawa. Daga baya kuma aka ba shi taswira a takarda, da bayanai cikin Larabci. Ya tafi da ita Landan, wani tafinta mai suna Abraham Salamé ya fassara rubutun, aka buga ta a 1826 cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton. Sai dai a wannan taswira ta takarda, Kwara gabas ya nufa, an kuma rubuta a jikinsa cewa yana kaiwa har Masar, wato shi ne Nilu.

Ka ga an samu zane biyu daga wuri ɗaya, kowanne da abin da yake faɗa. Masana tarihi sun yi ta bayani. Wasu na ganin da gangan aka yi, don ba hikima ba ce sarki ya miƙa wa baƙon da bai gama sanin nufinsa ba taswirar hanyar ruwa zuwa ƙasarsa. Wasu kuma na ganin mai zanen ya bi ra'ayin tsofaffin littattafan Larabawa ne, waɗanda suka daɗe suna haɗa kogin ƙasar Sudan da Nilu. Ko ma wanne ne, na rairayi iska ta share, na takarda shi aka buga aka yaɗa. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwalekwale daga Busa suka bi ruwan har teku. Richard ɗin nan shi ne hadimin Clapperton a zuwansa na biyu, yana tare da shi lokacin da ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827.

A lura da yadda aka warware gardamar. Ba da ƙarin rubutu ba. Wani ne ya bi hanyar da ƙafarsa, ya gwada abin da zanen ya ce. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A zuwan na biyu akwai wani ɗan labari. Cikin tsarabar da Clapperton ya kawo wa Bello har da littafin lissafin Uƙlidis na Larabci. Wata safiya ya tarar da Sarkin Musulmi zaune da littafin a gabansa. Bello ya gaya masa cewa gidansu na da kwafin wannan littafi da wani ɗan uwansu ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi. Littafin Uƙlidis kuwa kusan kowace hujja da zanenta take tafiya: layuka, da'irori, da haruffa a kusurwoyi. In mai kwafi ya sa ba'un inda ya kamata jimun ya zauna, rubutun na nan daidai amma zanen ya ƙaryata shi, ɗalibi kuma zai kwana yana zargin ƙwaƙwalwarsa.

Malamanmu sun san wannan haɗari, shi ya sa kwafin littafi ke da ƙa'ida. In an gama kwafa akan yi muƙabala: ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon kwafi da ido. Abin da aka tsallake a rubuta shi a gefen shafi, a sa alamar an inganta. Da yake takardun ba a ɗinke suke ba, a tadarishi ake haɗa su a zura a gafaka, sai a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don ko sun watse a iya jera su. Wanda ya je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato zai ga irin waɗannan rubuce-rubuce da gyare-gyarensu a gefe. Mai gyaran galibi bai bar sunansa ba, amma albarkacinsa muke karanta littafin daidai.

CHICAGO, 2003

Yanzu mu tsallaka Amurka. John Hunter mai binciken ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Chicago, yana aiki kan bayanan da ake ɗauka daga ƙwaƙwalwar masu ciwon farfaɗiya. Manhajar da suke duba bayanan da ita ta kuɗi ce, lasisi ɗaya tak ɗakin binciken ke da shi, da wani ɗan makulli da sai an soka shi a jikin kwamfuta take aiki. Ɗalibai da likitoci da masu bincike sai dai su bi layi, kamar masu jiran caja ɗaya a shagon caji. Hunter ya gaji. Ya fara rubuta madadinta da MATLAB, da aikin ya fi ƙarfin MATLAB sai ya koma Python. A lokacin Python ba ta da kayan zane da ya gamsar da shi, don haka ya ƙera nasa.

Da farko ya so ya haɗa aikin cikin IPython, ya aika wa mai ita, Fernando Pérez. Shi kuwa Pérez yana fama da kammala digirinsa na uku, ya ce ba shi da lokacin dubawa sai nan gaba. Hunter bai zauna jira ba, ya fitar da abinsa daban a 2003 da suna Matplotlib, a buɗe, kyauta, kowa na iya karanta kod ɗin ya gyara. Siga ta 1.0 ta fito a 2010.

Daga ɗakin binciken farfaɗiya abin ya bazu duniya. An yi amfani da Matplotlib a aikin kumbon Phoenix da ya sauka duniyar Mars a 2008. Tana cikin kayan aikin masanan da suka fitar da hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya ranar 10 ga Afrilu, 2019. Kuma ita ce dai ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke kira da plt idan zai zana sakamakon bincikensa.

Hunter ya rasu ranar 28 ga Agusta, 2012, yana da shekara 44, a sanadin matsalar da ta biyo bayan jinyar ciwon daji. Gab da rasuwarsa ya miƙa ragamar aikin ga Michael Droettboom, daga baya Thomas Caswell ya karɓa.

ME YA SA MISALI YAKE MUTUWA?

Gaskiyar magana, mutane ƙalilan ne ke karanta littafin jagorar Matplotlib daga farko zuwa ƙarshe. Abin da kowa ke yi shi ne ya shiga shafin misalai, inda aka jera ɗaruruwan ƙananan hotuna, ya nemo wanda ya yi kama da abin da yake so, ya kwafi kod ɗinsa, ya canza alƙaluman. Ke nan misali shi ne malamin. In ya lalace, dubban mutanen da ba su san juna ba za su yi tuntuɓe a wuri ɗaya.

Hanya ta farko da misali ke mutuwa ita ce canjin suna. Shekaru da yawa, in kana son zanen hist ya nuna kaso maimakon adadi, normed kake rubutawa. A siga ta 2.1, a 2017, aka ce a koma density, aka yi ta gargaɗi, daga baya aka cire tsohon gaba ɗaya. Duk darasin da aka rubuta da normed ya daina aiki, kuma har yau suna nan birjik a intanet da bidiyoyin YouTube. Haka salon zane mai suna seaborn: a siga ta 3.6, a 2022, aka mai da shi seaborn-v0_8, a 3.8 kuma tsohon sunan ya daina amsawa.

Ta biyu, maƙwabci ya sauya hali. Matplotlib a kan NumPy take tsaye. A ƙarshen 2022 NumPy 1.24 ta cire np.float, sai duk tsohon kod mai ɗauke da shi ya faɗi, alhali ba wanda ya taɓa shi. Babbar girgizar ita ce ƙaura daga Python 2 zuwa Python 3. Matplotlib 3.0 ta 2018 ta bar Python 2, ita kanta Python 2 aka daina kula da ita daga 1 ga Janairu, 2020.

Ta uku, rijiyar da ake ɗibar bayanai ta ƙafe. Akwai misalan Matplotlib da ke janyo farashin hannayen jari kai tsaye daga Yahoo su zana. A 2017 Yahoo ta rufe wannan ƙofa. Kod ɗin lafiyarsa lau, amma ba abin da zai zana. Sashen finance ɗin ma gaba ɗaya an fitar da shi daga Matplotlib a siga ta 2.2. Darasin da ke nan a fili yake: misali ya riƙa tafiya da guzurinsa, wato ƙananan fayilolin bayanai da ke zuwa tare da manhajar, kada ya dogara da gidan wani.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari, don ba ta nuna jan rubutu. Kod ya yi aiki, zane ya fito, amma yana faɗin abin da ba haka ba. Shekaru da dama launukan da Matplotlib ke sawa da kanta su ne na bakan gizo, masu suna jet. Suna da ɗaukar ido, amma ido ba ya ganin tazarar launukan daidai: wani wuri sai ka ga kamar akwai iyaka mai kaifi alhali alƙaluman a hankali suke hawa, wani wuri kuma bambanci na gaske ya ɓace. In aka buga a baƙi da fari sai lissafin ya rikice, mai matsalar bambance launi kuma ya shiga uku. Wani bincike da Michelle Borkin da abokan aikinta suka yi a Harvard a 2011 ya nuna cewa masu duba hoton jijiyoyin zuciya sun fi yin kuskure da launukan bakan gizo. A 2015 Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka gabatar da viridis, wanda haskensa ke hawa daidai da hawan alƙaluma. A Janairun 2017, da fitowar siga ta 2.0, ya zama shi ne na asali. Wannan canji ya sa hotuna masu yawa a tsofaffin darussa suka daina kama da abin da mai koyo ke gani a fuskar na'urarsa.

MUƘABALAR ZAMANI

To ya aka yi maganin abin? A farkon zamanin Matplotlib da ido ake yi. Akwai wani ɗan shiri da ke fitar da zane-zane masu yawa, mutum ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya ko wani ya karkace. Da aikin ya girma, ido ya kasa.

Mataki na farko shi ne a hana hoto rabuwa da kod ɗinsa. A 2008 Georg Brandl ya fitar da Sphinx, manhajar haɗa littafin jagora. Masu Matplotlib suka ƙara mata wata dabara: maimakon marubuci ya ɗauki hoton zane ya liƙa da hannu, kod ɗin kawai zai sa, duk lokacin da za a haɗa littafin sai kwamfuta ta gudanar da kod ɗin ta sa hoton da ya fito. A 2017 suka mai da shafin misalan kan Sphinx-Gallery, wadda ta samo asali daga aikin scikit-learn. Yanzu in misali ya faɗi, haɗa littafin ma faɗuwa yake, dole wani ya duba. Ka tuna Lander da kwalekwalensa? Shi ke nan. Ba a yarda da zane sai an bi hanyar an gani.

Mataki na biyu shi ne ajiye hoton asali. Ga gwaje-gwaje masu yawa akwai hoton da aka amince da shi. Duk wanda ya kawo gyara, kwamfuta za ta sake zana hoton ta gwada shi da na asali ɗigo da ɗigo. In sun saɓa fiye da kima, gyaran ba ya wucewa sai an yi bayani. Har sigar manhajar da ke zana haruffa sai da suka tsayar guda ɗaya, don ɗan bambancin harafi kaɗai kan sa gwaji ya faɗi. Ɗaya na riƙe da asali, ɗaya na bin kwafi: muƙabala ce, sai dai na'ura ke yi.

Mataki na uku ya shafi misalan da ke amfani da alƙaluman kacici-kacici, waɗanda kwamfuta ke zaɓowa da ka. In ba a ɗaure su ba, kullum zane daban zai fito, ba kuma yadda za a gane ko ya lalace. Sai a ba kwamfutar wata lamba ta farawa, don zaɓin ya riƙa maimaituwa. Buɗe misalan Matplotlib ka duba, za ka yi ta cin karo da 19680801. Ranar haihuwar John Hunter ce: 1 ga Agusta, 1968. Abokan aikinsa sun bar sunansa a gefen shafi ta hanyar da suka iya.

Duk da haka na'ura ba ta gama aikin ba. Tana iya gane kod ya faɗi, amma ba ta san rubutun gefen zane ya hau kan ɗan uwansa ba, ko bayani ya ce layi ja alhali shuɗi ya fito, ko misalin ya yi wa sabon shiga tsauri. Wannan sai mutum. Kuma galibi sabon shiga ya fi gani, don gwani idonsa ya saba, tsallakewa yake.

KAI FA, DA WAYARKA?

In misali ya ƙi maka aiki, kafin ka zargi kanka yi waɗannan.

Fara da duba sigar da kake da ita. Rubuta import matplotlib, sannan print(matplotlib.__version__). Sai ka duba shafin da ka kwafo misalin. Adireshin littafin jagora na yanzu yana ɗauke da kalmar stable. In ka ga tsohuwar lamba a wurin, Google ne ya kai ka tsohon shafi.

Karanta layin ƙarshe na jan rubutun, nan ne ake faɗin abin da ya faru. In ya ambaci wani suna ya ce bai san shi ba, akwai yiwuwar an canza sunan ne. Gargaɗin da ke fitowa alhali zanen ya yi aiki ma kada ka raina shi, sanarwa ce cewa wani abu na dab da tafiya.

In ka tabbatar misalin da ke shafin Matplotlib na yanzu ne ya lalace, to ka tsinci abin gyara. Tun 2011 aikin yana GitHub, kuma buɗe asusu kyauta ne, burauzar waya ta isa. Duba ko wani ya riga ka kai rahoto. In babu, rubuta naka a taƙaice: adireshin shafin, sigar da kake amfani da ita, abin da ka zata, abin da ya fito, da hoton fuskar wayarka. Turancinka ba sai ya yi kyau ba, bayanin ne ake so ya fito. In gyaran na kalma ɗaya ne ko layi ɗaya, kana iya yin sa a burauzar ka tura, masu kula da aikin su duba. Suna ma ware ƙananan ayyuka da alamar Good first issue don sabbin hannu. Sai dai a yi haƙuri wurin jiran amsa, yawancinsu aikin sa-kai suke yi bayan sun taso daga nasu aikin.

Ga masu rubuta darussa da Hausa irinmu kuma, nauyin ya fi yawa, don mai karatunmu ba shi da wasu darussa goma da zai gwada namu da su. Duk kod ɗin da za ka wallafa, gudanar da shi a ranar. Rubuta sigar da ka yi amfani da ita da kwanan wata. Hoton da za ka sa ya zama wanda kod ɗin nan ya haifar, ba wanda ka tsinto ba. In an nuna maka kuskure, koma ka gyara rubutun, ka faɗi cewa ka gyara.

A darasi mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki wani tsohon misali mai normed mu gyara shi tare a Colab, layi bayan layi, mu zana yanayin zafin Sakkwato na wata goma sha biyu. A tanadi data da caji.